Rasuwar Alfadari, Keken Glenys Tabone

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Glenys Tabone ta Tollers Bay tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan hawa na safiyar Lahadi rasuwar kekenta, wanda aka fi sani da Alfadari. Ya rasu ranar Talata, tara ga Janairu, wajen ƙarfe ɗaya na rana, a ƙarshen hanyar tsakuwa ta Kwazazzabon Garrick, saura taku ɗari uku a kai yashin teku. Yana da shekara goma sha ɗaya.

An haifi marigayin a rumfar bayan gidan Wal, yayan Glenys, wanda ya shekara arba'in yana waldar jiragen masunta. Shi ya yanka bututun ƙarfen, ya auna su da tsawon ƙafar ƙanwarsa, ya haɗa, ya shafa fenti ruwan ƙasa don shi ya rage a gwangwani. Ranar da ya miƙa mata, ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta ce, "Yaya, keke ka ƙera mini ko ƙofar gareji?"

"Hau dai, sarauniyar ƙorafi," in ji Wal. "Sai ya ga bayan kekunan 'yan gayun nan duka."

Haka kuwa aka yi. Marigayin bai taɓa son kwalta ba. Gidansa na gaskiya shi ne gandun daji, bayan ƙofar ƙarfen da mota ba ta wucewa, kilomita goma sha huɗu na tsakuwa da ke gangarawa tsakanin duwatsu da itatuwan turare har bakin ruwa. Ba shi da sauri, ba ya kuma jin kunyar hakan. A hawa yakan yi nishi, a gangara yakan yi tsik-tsik-tsik a hankali kamar mai ƙirga numfashinsa. Ya taɓa tsayawa cik don guza ta tsallake hanya. Shekarar da mijin Glenys ya rasu, shi ya riƙa fitar da ita daga gida kowace safiya, bai taɓa tambayar ta yadda take ji ba.

Ciwon ajalinsa ya fara a watan Nuwamba. Duk lokacin da ta miƙe tsaye a kan feda sai ta ji ƙat, sau ɗaya, daga can ƙasa. Ta tura shi rumfar Wal. Wal ya durƙusa, ya shafa ƙarfen da yatsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago kai.

"Aikin ba laifi," ya ce. "Na wane ne?"

Glenys ta yi dariya, tana jiran shi ma ya yi. Bai yi ba. Idonsa na kanta da ladabi irin na wanda ke jiran baƙuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. Bayan ɗan lokaci ya kira sunanta, ya tambaye ta ko za ta sha shayi. Ta koma gida da kekenta. Ba ta kai shi wurin wani bakanike ba, ba ta kuma faɗa wa Noeline, matar Wal, abin da ta gani ba. Ta ce wa kanta gajiya ce da zafin bazara, wadda a wannan ƙasa take kamawa tun daga Nuwamba. Tana son a rubuta wannan a nan, don kada a ɗora wa marigayin laifin da ba nasa ba.

Ranar Talatar gari ya waye da iska mai zafi daga arewa maso yamma, wadda ke busar da wanki kafin a gama shanya. Kwana uku ke nan wuta na ci a bayan tsaunuka. An rufe gandun, an rataya kwado a ƙofar. Ƙarfe goma da 'yan mintoci Noeline ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Glen, yana wurinki?"

"Wa?"

"Wal. Babu tsohon kekensa, babu sandar kamun kifi. Hularsa tana nan a kan tebur."

Glenys ta san inda ya nufa, bakin tekun da mahaifinsu ke kai su kamun kifi suna yara. Ta kira lambar agaji. Aka rubuta sunansa da shekarunsa, aka ce duk motocin kashe gobara suna bakin wuta, kada ta kuskura ta shiga. Ta ce ta ji. Ta cika gora biyu da ruwa, ta hau zuwa ƙofar, ta ɗaga Alfadari ta haurar da shi.

Ba ta taɓa jin kwazazzabon shiru haka ba. Babu tsuntsu ko ɗaya. Rana ta koma ja kamar garwashi a cikin toka, ana iya kallon ta kai tsaye. A kilomita na huɗu kangaru biyar suka ratsa gabanta, ba su ko waiwaye ta ba, duk sun nufi teku. Sai ganyaye suka fara saukowa daga sama, baƙaƙe, ƙonannu, wasu da sauran ɗumi. Marigayin bai fasa ba. Ƙat. Ƙat. A da sau ɗaya yake yi, yanzu kowane juyi.

A kilomita na tara, a mashigin rafin da ya ƙafe, ta sami Wal zaune a kan dutse, ya cire takalma ya jera su. Tayar kekensa ta baya ta yage.

"Kin makara," ya ce. "Baba ya ce mu jira shi a nan."

"Baba ya riga mu, Yaya. Yana bakin ruwa, ya ce in ɗauko ka."

Ya dube ta da zargi. "Ke da ba ki iya hawa ba sai an riƙe miki sirdi?"

"Na koya. Sa takalmanka."

A bayansu, ta inda ta fito, rugugin wuta ya taso kamar jirgin ƙasa mai nisa. Komawa sama babu hali. Ta zaunar da shi a kan sirdi, ta ɗora hannayensa a kafaɗunta, ita kuma ta tsaya a kan feda. Saura kilomita biyar. An ƙera marigayin don mace ɗaya mai ƙaramin jiki, ranar nan ya ɗauki mutum biyu a kan tsakuwa, cikin hayaƙin da ya hana ganin lanƙwasa ta gaba. Ƙat ɗin ya koma ƙara mai ja, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa.

Can Wal ya sunkuyo kusa da kunnenta, da muryarsa ta da.

"Waldar ƙasan nan ta tsage. Wane sakarai ya yi wannan aiki?"

"Kai ne."

Sannan ya ce, "To, kada ki taɓa birkin gaba, Glen. Ki bar shi ya gangara da kansa. Zai kai."

Ya kusa kaiwa. Suna jin ƙamshin gishiri ƙarfen ya rabu, babu wata babbar ƙara, keken ya durƙusa kamar raƙumi ya sauke su a kan tsakuwa. Ta ja hannun yayanta suka ƙarasa da ƙafa. Suka shiga teku har ƙirji, ta jiƙa rigarta ta rufe musu kai. Daga nan suka ji tayoyin sun fashe a cikin wuta, ɗaya, sai ɗaya. Wannan ne sautinsa na ƙarshe. Awa uku suka yi a ruwa kafin wani jirgin masunta ya gan su. Bayan kwana tara wata ma'aikaciyar gandun ta kawo gawar a bayan motarta, a rabe gida biyu, baƙa ƙirin, ta sauke ta a hankali.

Marigayin ya bar Glenys, wadda hannayenta ke naɗe da bandeji har yanzu. Ya bar maƙerinsa Wal, wanda aka kai gidan kula da tsofaffi a cikin gari, wanda kuma yake tambayar kowace mai jinya ko an ga sandar kamun kifinsa. Ya bar famfon iska ɗaya, hular kwano mai tabon wuta, da ƙusa biyu da ake rataye shi a bangon gareji. Ya bar Noeline, wadda Glenys ta faɗa wa maganar Nuwamba a barandar asibiti. Noeline ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni tun Agusta na sani." Suka zauna a benci ɗaya, kowacce tana kallon hannayenta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe takwas na safe, a bayan gidan Glenys, tunda gandun yana rufe har sai an sare itatuwan da ke shirin faɗuwa. Ba za a binne shi ba. Za a rataye shi a rumfar da aka haife shi. Akwai shayi da biskit. Ba a son furanni. Wanda ke da tsani ya zo da shi, za a kwashe busassun ganye daga rufin gidajen layin kafin a watse.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su daɗe. Gefen kudu na kwazazzabon bai ƙone ba tukuna, kuma an ce iska za ta juya ta nufo gari da tsakar rana. Kowa ya ajiye motarsa tana fuskantar titi, ya bar makulli a jiki.