Batir Shida a Kwalekwalen Farfesa

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da na kusa nutsar da malamina da digirina a lokaci guda.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta digirin digirgir a Kuala Lumpur, kuma bincikena a kan wutar sola ne. Sa hannun malamina, Farfesa Azman, kaɗai ya rage in miƙa kundina. Mutumin yana da wani ɗan kwalekwale mai tafiya da iska a Port Klang, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Wata rana ya ce in lissafa masa faifan sola da batir ɗin da za su ishe shi, in zaɓo a shagon da yake hulɗa da su, su kai. Fitila biyu ce, da rediyo, da na'urar nuna hanya, sai 'yar fanka.

"Boleh?" ya tambaye ni da yarensu, wato "za ka iya?"

"Boleh, Prof," na amsa har da dukan ƙirji. (Ni da ruwan da na fi sani a duniya shi ne na randar gidanmu a Gwale.)

Lissafin farko ya ba ni batir ɗaya da faifai ɗaya. Na dube shi na ji tausayin Farfesa. Batir ɗaya? Duk wanda ya tashi a unguwar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar guga ba zai aminta da batir ɗaya ba. Sai na ninka saboda hadari. Na sake ninkawa, don mu a gida mun san abin da aka rubuta a jikin batir fatan alheri ne kawai. Daga nan na ƙara biyu bisa al'ada. Na zaɓi manyan nan masu ruwa, irin waɗanda sai ƙarti biyu sun kama. Na lissafa komai, ban da nauyi.

Ranar gwaji na tashi daga unguwarmu ta Titiwangsa cikin farar shadda da hula zanna, saboda hoto. Matata Hadiza ta biyo ni, ta kira 'yan gidanmu na Kano ta bidiyo don su ga aikin ɗansu. Mun riga Farfesa isowa, sai na sa yaran shago suka jera batiran a gefe ɗaya, jikin bango, yadda ake yi a kowane falo na mutunci.

Kwalekwalen ya karkace.

"Baban Ilham, haka yake dama?" in ji Hadiza.

"Haka ƙirarsu take," na ce, na shiga na tsaya kusa da kayana.

Farfesa ya iso da gajeren wando da ledar nasi lemak, shinkafarsu ta madarar kwakwa, da ya sayo mana a hanya. Ya daɗe yana kallon jirginsa. Ya ƙirga batiran da yatsa, a hankali ya ce, "Huɗun nan na gane tsoro ne. Biyun fa?"

Wallahi da gaskiyata na amsa: "Na maƙwabta ne, Prof. Masu zuwa cajin waya."

Ya waiwaya ya dubi teku, ya dawo da ido kaina. "Waɗanne maƙwabta, lah?"

Kafin in samo amsa ya sa ƙafa ya shigo, kuma ta ɓangaren da ni da batiran muke ya shigo. Bakin kwalekwalen ya sumbaci ruwa. Ledar abincin ta tafi, Farfesa ya bi ta. Ni kuwa na rungume sandar tsakiya da hannu da ƙafa ina salati, hulata tana iyo ta nufi Indonesiya. Daga cikin wayar Hadiza na jiyo muryar Hajiyarmu tana cewa, "Ke, me ya hau yi a kan falwaya?"

Kunyar da na ji ta fi tsoron mutuwar yawa. Ina manne a sandar nan ina kallon mutumin da digirina ke hannunsa yana iyo, yana tofar da ruwan gishiri, na ce shi ke nan, shekara huɗu sun bi nasi lemak.

Ya fito, ya matse rigarsa. Sati biyu ina zagaye ofishinsa kamar marar gaskiya. Da ya kira ni, sai na tarar ya sa hannu, amma da sharaɗin in ƙara babi guda a kan nauyi. Ya ce ya bar batir ɗaya a jirgin, yana kuma isarsa har da saura. Sauran biyar shago sun ƙi karɓa don sun sha gishiri, saboda haka ya ba ni kyauta.

Suna nan a falonmu na Titiwangsa, inda ba a taɓa ɗauke mana wuta ba ko sau ɗaya. Hadiza ta lulluɓe su da leshi, a kai baƙi suke ajiye kofin shayi. Abin da na koya shi ne, tsoron ɗauke wuta ma nauyi gare shi, a auna shi kafin a hau ruwa da shi. Maƙwabcinmu kuwa, wani ɗan Chana mai kirki, har yau bai zo cajin waya ba.