Yadda Za Ka Yabi Sabon Faifan Ƙanwarka Ba Tare Da Ka Saurara Ba

Wannan hanya tabbatacciya ce. An gwada ta a Makka a shekarar 2016, kuma ta yi aiki sumul har mataki na biyar. In ka bi ta sau da ƙafa, za ka yabi waƙoƙi goma sha ɗaya, ka faɗi wadda ta fi, har ka ba da shawarar gyara, alhali ko sauti ɗaya bai leƙa kunnenka ba. Mutuncinka na ɗalibin ilimi yana nan, zumuncinka yana nan, babu wanda ya yi ciwon kai.

Wanda aka yi gwajin a kansa shi ne Abdulwadud, ɗalibin hadisi, mazaunin wani ɗaki a hawa na uku a unguwar Utaibiyya. Yana da ƙanwa a Jos mai suna Rifkatu. Uwarsu ɗaya, uba kowa da nasa, addini ma kowa da nasa. Ita ce mai rera waƙa a wata ƙungiyar matasan coci da suka kira kansu Tartsatsi, masu kiɗan rok da jita da ganguna, su kuma zubo masa sautin kwamfuta a kai. Shi kuwa tun da ya zo karatu ya daina jin kiɗa, bisa fahimtar malamansa. Bara mahaifiyarsu ta rasu yana tsakiyar jarrabawa, bai samu zuwa ba. Tun daga nan abin da ya rage tsakaninsa da Rifkatu bai wuce gaisuwar WhatsApp ba, ita ma tana ta sirancewa kamar sabulun wanka. Yana son yarinyar nan ƙwarai, kuma yana tsoron ranar da gaisuwar za ta tsinke. To, ga shi sun fitar da faifansu na farko, ta turo masa duka.

Mataki na 1: Ka karɓi saƙon da murnar da ta wuce kima

Saurin amsa shi ne rabin aikin. Kada ka bari minti biyar ya wuce. Ka rubuta barka, ka rubuta Allah ya sa albarka, ka jera alamar tafi har layi ya cika. Mai jera tafi ba a tuhumarsa da wuri.

Wataƙila ta ba ka ƙofar fita. Rifkatu ta ba Abdulwadud, don ta rubuta masa cewa ta san matsayinsa, in ba zai iya ji ba ya faɗa mata kawai, ba za ta ji haushi ba. Kada ka kuskura ka bi ta wannan ƙofa. Gaskiya tana da sauƙi, amma in kowa zai faɗe ta, ina amfanin masana irinmu? Abdulwadud ya duba gaba ya ga kura, ya duba baya ya ga sayaki: in ya ji, ya saɓa wa abin da ya ɗaukar wa kansa, in ya ce ba zai ji ba, yana ganin kamar ya sake ƙin zuwa jana'iza ne. Sai ya rubuta mata cewa yau ɗin nan zai saurare su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 2: Ka kunna, amma ka kashe murya

Wayar zamani munafuka ce. In ba ka kunna saƙon murya ba, tana can tana nuna wa mai turowa. Saboda haka ka danne maɓallin sauti har ƙasa, ka kunna ta ɗaya, ka ajiye wayar a gefe ta yi ta waƙarta ita kaɗai. In ta ƙare ka danna ta biyu. Alama za ta yi shuɗi a Jos, kunnenka kuma yana nan da tsarkinsa a Makka.

Lokacin cin abincin rana ya fi dacewa, don hannu ɗaya ya isa. Haka Abdulwadud ya yi. Suna zaune da abokin ɗakinsa Issoufou, mutumin Damagaram, wanda ko ƙarar shigowar kira ta cika zaƙi sai ya ɗaga gira, suna cin shinkafa da kaza a faranti ɗaya. Wayar tana kife a kan darduma tana aikinta shiru. Kafin su kai ga ƙashi an wuce waƙa ta takwas. Issoufou ya tambaye shi me yake ta dannawa, ya ce wani darasi ne yake saukewa.

Ka lura da wannan amsa. Ƙarya in ta zo ita kaɗai kunya take ji, shi ya sa ake nemo mata 'yar rakiya.

Mataki na 3: Ka nemo aron kunne

Ba a yabon miya ba a san ko da kuka aka yi ta ko da kuɓewa ba. Kana bukatar wanda zai ɗanɗana maka. Kada ka nemi ɗalibi ɗan'uwanka, zai yi maka nasiha. Ka nemi wanda kunnensa ba shi da ƙofa.

Abdulwadud ya hau mota bayan la'asar ya tafi unguwar Rusaifa wurin wani Majid mai gyaran waya. Kakan Majid da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Sakkwato ya zauna, shi kuwa jikan Hausarsa ta zama kamar tsohuwar riga, duk inda ta yage sai ya lika Larabci. Ya saƙala abin ji a kunne ɗaya, yana kwance bayan wayar wani da ɗan sukundireba, yana gyaɗa kai. Ya ji rabin ta ɗaya, ya ji kan ta biyu, ya tsallaka zuwa ta uku ya ɗan taɓa, sannan ya cire.

"Ya shekh, wannan kullu wahid ne, duka iri ɗaya," in ji shi. "Ganga ƙawi marra, ƙarfi sosai, jita tana kuka, yarinya sautinta kwayyis, da daɗi. Halas, ka ce mata mabruk."

Abdulwadud ya ce ko zai ɗan taɓa sauran. Majid ya nuna masa layin mutanen da ke jiran wayoyinsu, ya ce wanda ya ci loma uku ya san tukunya.

A ajin hadisi, in aka kawo wa Abdulwadud labari daga mutumin da ya ji rabi ya cike rabi da ka, da jan biro zai soke shi, har ya rubuta dalili a gefe. Ranar nan kuwa a bayan takardar darasinsa ya kwafe maganar Majid kalma bayan kalma.

Mataki na 4: Ka yi yabon da ba a kama shi da hannu

A nan iliminka zai yi maka rana. Malaman hadisi sun daɗe da gano masu wayon da ba sa cewa "na ji", sai su ce "daga wane", don a zaci sun ji alhali ba su ji ba. Malaman sun yi haka ne don a guji irin mutanen. Kai ka karanta babin don ka koyi sana'ar.

Kada ka rubuta "na saurara". Ka rubuta "aiki ya yi kyau". Ka rubuta "ana jin an sha wahala a kansa", ba ka ce wa ke ji ba. Ka ce muryarta ta ƙara nuna, wannan ba ya taɓa zama kuskure, domin babu mawaƙin da zai ce a'a, tawa ɗanya ce. Sannan ka ɗan soki wani abu ƙarami, saboda yabo zalla warin ƙarya yake yi. Abdulwadud ya rubuta cewa a wasu wurare ganga tana so ta danne murya, a kula a gaba.

Rifkatu ta amsa da dariya, ta ce ita ma abin da take faɗa wa mai gangar ke nan kullum. Rabon da ta turo masa dariya tun kafin rasuwar Mama. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma ji kunya daidai gwargwadon daɗin.

Mataki na 5: Ka zaɓi gwana

Za a tambaye ka wadda ta fi. Kada ka ce ta ɗaya, za a gane a bakin ƙofa ka tsaya. Kada ka ce ta ƙarshe, za a gane tsalle ka yi. Ka ce ta uku. Ta uku ba ta da abokin gaba.

Mataki na 6: In ta kira, kada ka ƙara gishiri

Wannan mataki shi ne wanda Abdulwadud ya karya, kuma muna so a rubuta cewa shi ya karya, ba tsarin ne ya karye ba.

Ranar Asabar da hantsi ta kira shi ta layi, abin da ba ta saba ba. Ya fita baranda inda ake shanya. Ta ba shi labarin yadda gobe za su ƙaddamar da faifan bayan sujada a coci, da yadda mai jita ya tsinka tsirkiya biyu a wurin gwaji. Ta ce ta ji ya zaɓi ta uku, to madalla. Sai muryarta ta yi ƙasa.

"Ta bakwai fa, Yaya? Ba ka ce komai a kanta ba."

Mai bin tsari zai ce layi ba ya kyau. Amma yabon kwana biyu ya riga ya hau wa Abdulwadud kai, ya fara ɗaukar kansa masani. Ya gyara tsayuwa ya ce ai ta bakwai ba a magana, gangar cikinta kaɗai ta isa ta tayar da unguwa, ga jitar nan tana kuka kamar za ta yi magana.

Ya ciro wayar daga kunne ya duba ko kiran ya yanke.

"Babu ganga a ta bakwai," in ji Rifkatu. "Babu jita, babu komai. Sati biyu ina rigima da 'yan ƙungiya kafin su yarda a bar ta haka, suna cewa wa zai sayi faifan rok da waƙa tsirara a tsakiya. Na ce ina da wa a Makka wanda ba ya jin kiɗa, ina so a samu guda ɗaya da zai iya ji." Ta ja numfashi. "Ai na ce maka in ba za ka ji ba ka faɗa mini."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ana kiranta wurin gwaji, ya gaida mutanen ɗakinsu.

Mataki na 7: In asiri ya tonu

A nan tsarinmu ya ƙare, sai dai mu faɗi abin da ya faru.

Ya koma ɗaki ya zauna a bakin katifa. Issoufou yana jingine da bango yana bitar darasi. Abdulwadud bai nemi abin saƙalawa a kunne ba, bai kuma ce darasi yake saukewa ba. Ya buɗe sauti ya danna ta bakwai.

Ƙarar tsintar wake a faranti ce ta fara fitowa, da kukan kaza daga nesa. Sai muryar Mama. Ashe Rifkatu ta taɓa ɗaukarta a waya a tsakar gida, wata biyu kafin ta kwanta ciwo, tana rera 'yar waƙar da ta ƙaga tana tsokanarsa da ita yana ƙarami, lokacin da ba ya son tuwo:

Wadudu ƙi-tuwo, Wadudu ƙi-miya,
In ka ƙi na yau, na gobe yana hanya.

Daga baiti na biyu muryar Rifkatu ta shigo a ƙarƙashin ta Mama, a hankali, tana riƙe mata. Da waƙar ta ƙare ba a yanke ba. Aka ji Mama ta yi dariya, ta ce, "Ke, in kin yi waya da shi ki tambaye shi, yana dai cin abinci a can ko?"

Minti biyu ne da daƙiƙa arba'in. Abdulwadud ya tuna ranar da ya fara kunna ta. Uwarsa tana kife a kan darduma tana tambaya ko yana cin abinci, shi kuma yana gefenta da cinyar kaza a hannu, ya kashe mata murya. Ya yi kuka irin wanda bai samu ya yi ba bara.

Issoufou, wanda ake ta wannan ɓoye-ɓoye saboda shi, ya rufe littafinsa ya ce a sake kunnawa, shi ma tasa tsohuwar haka take tambaya.

Bayan azahar Abdulwadud ya ɗauki saƙon murya. Wannan karon bai ce an ji ba, bai ce ana ji ba. Ya faɗa mata komai, har da kashe sauti, har da Majid da lomarsa uku. Ya ce sauran goman ba zai ji ba, kuma tun farko abin da ya kamata ya faɗa ke nan. Ya ce ta bakwai kuwa ya ji da kunnensa sau huɗu. A ƙarshe ya ce, in da hali, yana so ya amsa tambayar da aka yi masa: yana ci, har ya yi ƙiba.

Alamar ta zauna fara har la'asar, har magariba ta kusa. Yana tsaye a baranda yana kwashe shanya ta koma shuɗiya. Sai ga rubutu ya shigo:

"Na ji, Yaya. Ni ban kashe murya ba. Turo hoton ƙibar, ban yarda da ruwayarka ba."

Ba ruwanmu

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo baya, ko tonon asiri ne, ko kuka a gaban mutumin Damagaram, ko tsayawa a baranda ana kumbura kumatu don hoto. Ba mu ba da fatawa a kan kiɗa ba, wannan sai malamai. Ba mu kuma san abin da ke cikin taka ta bakwai ɗin ba. Wanda ya kashe murya, ya kashe ne da yatsansa.