Lallen Matan Rugar Ardo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai matan rugar Ardo Buba rajistar katin zaɓe ba, ko da yake na so a ce na manta. Har yau in na ga lalle a hannun mace sai in sunkuyar da kai.

A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci a garinmu, can ƙasar Tudun Wada, da furfura a gemuna. Na fara haɗa baƙi, har ina karanta allunan shaguna da ƙarfi ko ba wanda ya tambaye ni. Wata rana malaminmu, Malam Sabi'u, ya ce ana neman 'yan sa-kai da za su shiga ƙauyuka da rugage su jawo mutane su yi rajista kafin a rufe. Ni na fara ɗaga hannu. (Mutumin da ya koyi rubuta sunansa bayan ya yi jika, gani yake ba abin da zai gagare shi.) Malam ya shiga yi mana bayani, ni kuwa na duƙufa ina rubutawa don a ga na iya. Kafin in gama jera kalmar "rajista" ya yi nisa, ban ma san inda ya kai ba.

Na zaɓi rugar Ardo Buba da ke kan hanyar Doguwa, don mun daɗe tare. Duk kaka shanunsa ke kwana a gonata, su ci kara su bar mini taki. Kuma na san abin da ke damunsu. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, gonaki sun cinye shi har ya koma kamar hanyar ƙafa. Sun kai kuka ya fi a ƙirga, kullum a ce su dawo wani mako.

"Ardo," na ce, "ɗan siyasa ba ya jin kukan wanda ba shi da kati. Ranar da rugar nan ta cika da kati, da ƙafarsa zai zo ya auna muku burtali."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Kaɗo, mu duk sanda aka rubuta sunanmu, haraji ne ke biyo baya."

Na yi ta zarya a kan kekena, ruwa ya dake ni, taɓo ya riƙe ni, ban fasa ba. A ƙarshe Ardo ya sauko. Ya ce maza ba za su bar shanu ba tsakar damina, kada su faɗa gonar wani a yi abin da ba a so. Amma in ɗauki mata, ai su ma sun fi yawa.

Matan kuwa da suka ji za a ɗauki hoto sai suka noƙe. Yayar Ardo, Inna Hajjo, wadda ba a ƙetare maganarta a rugar, ta ce, "Hoto? Da wannan zanen tallan nonon? Don a yi mana dariya a birni?"

A nan bakina ya ja mini. Na ce, "Haba Inna! Ku yi kwalliya irin ta salla, kada ku rage komai. Hoton nan har Abuja zai je."

Saboda jan ƙafar da aka yi, ba mu samu tafiya ba sai ranar da za a rufe rajista. Na samo a-kori-kura, na isa rugar da hantsi. Suka fito kamar masu rakiyar amarya, ga kitso, ga duwatsu a wuya, ga kwalli. Hannu kuwa ya sha lalle har wuyansa, kan yatsu baƙi ƙirin, an ce tun jiya suka ƙunsa suka kwana da shi. Na ce, "Masha Allah, haka nake so!" Na shige gaban mota na gyara hula.

A makarantar firamaren da ake rajistar, jama'a sun cika, har da Malam Sabi'u da 'yan ajinmu. Na shiga gaba, matan na biye da ni, ina cewa, "A ba mu hanya, baƙi ne daga nesa." Aka fara da Inna Hajjo. Hoto ya yi kyau ƙwarai, wannan kam ba ƙarya. Sai ma'aikacin, wani matashi, ya ce ta ɗora yatsa a kan na'ura. Ta ɗora, shiru. Ya goge gilashin, ta sake. Ya canja yatsa, ya canja hannu. Ya kira ta bayanta, ita ma haka. Sannan ya juya tafin hannunta ya duba, ya yi ajiyar zuciya.

"Wa ya kawo matan nan?"

"Ni ne," na ce, har da dafa ƙirji.

"Baba, ba a gaya muku kada a zo da lalle a yatsa ba? Na'urar nan ba ta kama zanen yatsa in lalle ya yi kauri haka."

Malam Sabi'u ya matso kusa da kunnena. "Ai na faɗa a aji, har na maimaita. Kana ina?"

Ina wurin. Ina rubuta "rajista".

Da a ce a nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma Inna Hajjo ta miƙe, ta nuna ni da wannan baƙin yatsan, ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji: "Shi ne ya ce mu yi kwalliyar salla! Ya ce kada mu rage komai!"

Wuri ya ɗauki dariya. Wani daga layi ya ce, "Malam, ɗaurin aure ka kawo su ko rajista?" Wani ya ce, "Ina angon?" Na ji hulata ta yi mini nauyi, na rasa inda zan sa ido.

Na ruga kasuwa na sayo lemon tsami da sabulu. Wani ya ce kananzir, na nemo. Matan suka tsuguna a bayan aji suna dirzar yatsu da yashi. Wata ƙaramar uwa, da goyo a bayanta, ta goga nata a siminti har fata ta saluɓe, ta zo ta ɗora, na'ura ta ƙi. Ta sa yatsan a baki ta koma gefe. Dariyar mutane ma ta mutu da kanta. 'Yan ƙalilan na'urar ta karɓa, waɗanda lallensu bai kama sosai ba. Da la'asar aka naɗe kaya, hadari kuma ya haɗo.

A hanyar komawa ban shiga gaba ba, a baya na tsaya ruwa na dukan mu tare. Ranar ko nono ba su kai kasuwa ba. Ardo ya tare mu a bakin ruga, ya ji labari daga bakin yayarsa. Na so ya zage ni. Sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam." Mutumin da tun muna samari bai taɓa kirana da wani suna ba sai Kaɗo.

Zaɓe ya zo ya wuce, ba ɗan takarar da ya taka rugar. Bayan kaka suka tashi suka nufi wajen Riruwai. Ba na cewa katin ne zai buɗe burtali, Allah ne masani. Amma ni na ce musu zai buɗe, suka yarda, kuma ni na hana a gwada.

Da na ba matata labari, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, shekara da shekaru kana zaune da mace, ba ka san kwalliyar salla daga lalle take farawa ba? Da ka tambaye ni ai."

Tun daga nan, duk aikin da ya shafi mata, kafin in ɗauki keke sai na fara tsayawa a ƙofar ɗakin girki na ɗauki karatu.