Ranar da Fiyano Ya Kaɗa Kansa

Na yi ƙoƙarin mantawa da bikin rufe lakwal, wato makaranta, na shekarata ta farko a Malbaza, amma har gobe ban manta ba.

Sai na fara da Baba Tanko. Tsohon makaɗin fiyano ne. Ya daɗe cikin makaɗan soja a Yamai, ya yi kiɗa a otel-otel, ya koyar a lakwal, da ya tsufa ya dawo gida Ƙonni ya aje fiyanonsa a zaure yana koya wa duk mai so. Wata uku na yi gabansa. Wata ukun nan kaf hawa da sauka kawai nake da yatsu, shi kuwa ba ya cewa komai sai "Sake." Na gaji na gudu (na ce masa noma za ni Tajaye, alhali ko gona ba mu da ita can).

Bayan shekara biyu wata lakwal mai zaman kanta a Malbaza ta nemi mai koyar da waƙa da kiɗa. Darakta ya tambaye ni inda na koya, na ce, "A hannun Baba Tanko na tashi." Nan take ya ɗauke ni. Gaskiyar magana, waƙa uku na iya, su ma da hannun dama kaɗai. Yara dai ba su taɓa ƙorafi ba.

Da biki ya matso, darakta ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, ka kaɗa mana abin da zai sa uwaye su sake kawo ɗiyansu baɗi."

To fiyanon lakwal ɗin mai aiki da wuta ne, kuma akwai wani jan maɓalli a gefe. In ka danna shi, sai wani kiɗan Turawa mai sauri ya tashi da kansa. Sati biyu na yi ina shiri. Ba kiɗan nake koyo ba, motsi nake koyo: inda zan watsa yatsu, inda zan karkace kafaɗa (har gaban madubi na gwada).

Ranar da hantsi rumfa ta cika, uwaye mata a gaba, ma'aikatan masana'antar simintin garin a baya. Na zauna, na danna maɓallin da ƙaramin yatsa, na lumshe ido na shiga aiki. Wata mata har ta rangaɗa guɗa. Ina tsakiyar jin daɗi sai na ji murya a kaina.

"Salamu alaikum, ɗana."

Na buɗe ido. Baba Tanko ne, ya miƙo hannu. Ashe darakta ya aika mota ta ɗauko shi daga Ƙonni, wai don in ji daɗi.

Jiki ya riga hankali. Na miƙe, na rusuna, na kama hannunsa da hannuwana biyu kamar yadda aka koya mini tun ina yaro. Fiyano kuwa bai san an yi baƙo ba, ya ci gaba da zuba kiɗa.

Tsohon bai saki hannuna ba. "Ina gajiya? Ina iyali? Ya noman Tajaye, an samu hatsi?" Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na ta ƙara sauri a bayana. Aka fara dariya daga wajen ma'aikata, ta gangaro har sahun mata. Sai tsohon ya juya wajen darakta, fuskarsa ba ko murmushi.

"Yaron ga ya wuce ni. Ni duk shekaruna, sai na taɓa shi yake magana."

Ya kashe maɓallin, ya zauna a kujerata, ya kaɗa da yatsunsa da tsufa ya tanƙware. Dariya ta ɗauke, kowa ya kasa kunne. Ni ina tsaye gefe, na rasa inda zan kai hannuwana, a ƙarshe na zuba su aljihu.

Ran Litinin na je buro, wato ofishin darakta, ina jiran kora. Darakta ya ce tsohon ya roƙa a bar ni, bisa sharaɗin kowace Asabar in je Ƙonni. Shekara huɗu na yi ina wannan hanya, kuma yanzu da hannu biyu nake kiɗa, da gaske.

Da na ce na koyi cewa ƙarya ba ta da kyau, amma wannan tun da can na sani. Sabon abin da na koya shi ne: kafin ka yi taƙama da sunan malaminka, ka fara tambaya ko darakta yana da lambarsa.