Uwar Akwatuna Tana Jiran Almakashi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake babu Gizo a ciki, a ƙofar gidana aka yi ta.

Jiya maƙwabcina Fannami ya dawo daga fadama a kwale-kwale, jiƙe har wuya, da damin shinkafa uku. Abin da ya tsira da shi ke nan daga noman bana.

Tun bazara aka faro. Manya, Allah Ya ƙara musu faɗin riga, suka sa aka kakkafa wasu 'yan akwatuna a kan sanduna, bin gaɓar kogi tun daga wajen Miga har nan Haɗeja, don auna ruwa. Injiniyar da ta haɗa su, Zulfa, a kan tabarmata ta zauna ta yi mana bayani.

"Baba Fannami, batirinsu ƙarami ne, muryarsu ba ta nisa. Barci suke yi. Kowanne sai ya farka na ƙiftawar ido, ya raɗa wa na kusa da shi, shi ma ya raɗa wa na gaba, har labari ya iso wayarka."

"Kamar matan unguwarmu," in ji Fannami, yana kallona. Na ƙyale shi.

"Amma sai sun farka tare," in ji Zulfa. "In wannan ya tashi wancan na minshari, da wa zai yi magana? Shi ya sa suke da uwa, ita ke saita musu agogo."

Fannami ya ji daɗi, har ya ce wa Badamasi masunci, wanda ya shekara ashirin yana aiko masa da labarin ruwa, ya huta haka nan, zamani ya zo.

To, ita uwar, ana gama gwaji aka kashe ta, aka ɗaura mata jan ƙyalle, aka kulle ta a ofis. Wai ba a kunna kayan hukuma sai Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanka ƙyalle da hannunsa mai albarka. Aka sa rana, ya yi tafiya. Aka sake sawa, ba a gama buga riguna masu hotonsa ba.

Zulfa ta je ta durƙusa wa shugaban ofis.

"Ranka ya daɗe, agogonsu sai zamewa yake. Kowanne shi kaɗai yake farkawa, ya yi sallama, ba mai amsawa."

"Injiniya, yanzu akwati ne zai sa mana rana? Su jira. Mu ma jira muke."

Shinkafar Fannami ta nuna, amma ya ce a ƙara mata mako guda ta bushe. Kullum sai ya duba waya, shiru.

Na ce, "Malam, kogin nan fa ya sake launi."

"Hajiya, shiru ma magana ce. Da akwai ruwa da an faɗa mini."

Ranar Talata ruwa ya shigo gonar ba sallama.

Jiya kuwa, Allah Ya yi. Fannami na wucewa ta gaban rumfar bikin ƙaddamarwa da daminsa a ka, Mai Girma ya yanka ƙyalle, ya danna maɓalli. Kafin a gama jawabin godiya na huɗu akwatuna sun samu juna, wayoyi suka ɗauki ƙara gaba ɗaya: "A yi hattara, ruwa na tafe." Aka yi ta tafi. Gaskiya ne, kayan na aiki, masha Allah.

Mai Girma ya koma birni da lambar yabo. Zulfa an yi mata takardar gargaɗi saboda rashin haƙuri. Akwatuna suna farkawa tare yanzu. Fannami kuma ya roƙi Badamasi ya ɗauke shi aikin kamun kifi, a cikin gonar Fannamin suke jefa taru.