Ranar da Na Rina Kifin En'e

Har in koma ga Allah ba za ni manta da shekarar da En'e ta gina gidan kifi a Sabon Birni ba, zamanin Turawa. Ƙaton kwami ne na siminti, da gilashi gefe guda, wai mutane su ga kifi da rai, ba cikin miya ba. Ni anka ɗora a kai, ina ƙaramin malamin gona, da ilimin elemantare da girman kai buhu guda.

Gari ya ɗauki zance: yaushe za a gina ma karfasa ɗaki da harajin talaka? Wani dattijon makiyayi na Tsamaye, Arɗo Jaɓɓi, duk inda ya gan ni sai ya ce, "Malam, shanuna na kwana da ƙishirwa, kifinka na kwana soro." Di'o, Baturen mulki, kuwa ya ce in bukin buɗewa ya yi kyau a ci gaba da riƙon wurin, in ba haka ba a rufe, ni in koma awon gyaɗa.

Ana gobe buki na dubi ruwan, ja wur irin na Gulbin Rima. Hoton gidan kifin ƙasarsu da Di'o ya ba ni kuwa, ruwan shuɗi ne (ban taɓa ganin teku ba, a yi mani uzuri). Sai na tafi kanti na kwaso bula, wadda ake sa ma farar riga. Baba Ɗangaske, masuncin da ya kamo muna kifin, ya ce, "Malam, kifi ba riga ba ne."

Na ce, "Baba, wanga aikin boko ne." Na zuba, na rufe wurin da tabarmi.

Da hantsi ga Di'o, ga Hakimi, ga makaɗa. Na yaye tabarmi ina taƙama. Ruwa kam ya yi shuɗi, ba laifi. Kifi ne duk sunka juya ciki sama, sai tarwaɗa guda da ta rage tana kallona. Kiɗa ya tsaya. Di'o ya tambaya ta bakin tafinta ko lafiya.

Wallahi ban san sa'ad da na ce, "Ranka shi daɗe, hutawa suke," ba.

Arɗo ya ce, "Allah shi jiƙan su."

Kunya ta sa na so ƙasa ta tsage. Anka wanke kwamin, anka bar ma makiyaya su shayar da shanu, ni kuma na koma sikeli da sabon suna, Malam Bula. Tun ran nan, in tsoho ya ce mani kifi ba riga ba ne, ba ni tambayarsa ajin da ya gama.