Janar Ghali da Tutar Auduga Zalla

A Guangzhou, idan za ka ce "tuta" a gaban Alhaji Ghali, fara duba fuskarsa tukuna. In ya ci ya ƙoshi, faɗi abinka. In bai ci ba, ka ce "ƙyalle". Wani ɗan tsautsayi ne ya same shi a kan tuta, irin wanda ba ya samun ƙananan mutane, don ƙaramin mutum ba shi da inda zai faɗo.

Alhaji Ghali kuwa babban mutum ne. Allah ya sani, mu ma mun sani, don yana tuna mana. Haifaffen Fagge ne, amma wannan kuskure ne da ya riga ya gyara. Shekara tara ya yi yana tuƙa tasi a New York har aka ba shi fasfo, shuɗi, wanda yake sawa a aljihun gaba yadda kansa zai ɗan leƙo ya gaida jama'a. Tun daga ranar kalmar "mu" ta tashi daga Kano ta koma Washinton. Mu muka je wata. Mu muka ƙera jirgin da ba a gani. Da ya shigo harkar kaya a Sin, ya taho mana da wannan "mu" ɗin, muka ba ta kujera a gidan abincin Hajiya Habsatou, 'yar Maraɗi, hawa na shida kusa da titin Liuhua Lu, inda duk mai kewar tuwo yake ƙarewa. Mu muka sa masa Janar. Ya ɗauka girmamawa ce, ba mu ga dalilin ɓata masa ba.

Ranar da labari ya zo cewa sojan Amurka sun sauka a wani ɗan tsibiri, ƙasar da mutanenta duka ba su cika kasuwar Kwari ba, Janar ya shigo da hular da ke da gaggafa a goshi. Bai zauna ba. Mutum ba ya zama ƙasarsa tana yaƙi.

"Jama'a, ku fahimta, wannan ba mamaya ba ce, taimako ne," in ji shi. "Mun daɗe muna haƙuri da su. Likita in zai yi maka allura, izininka yake nema?"

Hajiya Habsatou tana zuba miya ta ce, "Namu dai yana nema, Alhaji."

"Shi ya sa ba kwa warkewa."

Sirajudeen, mutumin Kumasi mai yi mana jigilar kwantena, ya roƙe shi cikin ladabi ya nuna mana ƙasar a taswirar da ke jikin bango, tunda an daɗe ana haƙuri da ita. Janar ya ɗora yatsa a teku ya yi gabas, ya yi yamma, tuwonsa yana hucewa. Can Sirajudeen ya ɗaga masa yatsan a hankali. Ashe ƙasar tana ƙarƙashinsa.

"Kun gani ko? Yatsanmu ɗaya ya rufe ta."

Amma Janar ba mai baki kawai ba ne, mai nazari ne. Ya bayyana mana cewa kishin ƙasa a Amurka yana da kaka, kamar tumatir. Da zarar an harba bindiga a inda ba wanda ya taɓa jin sunansa, kowane gida sai ya kafa tuta, kowace mota sai ta ɗaura. Ya gani da idonsa daga cikin tasi. Don haka zai cika kwantena da tutoci ya aika, ya yi wa ƙasa hidima, in riba ta biyo baya kuma ba zai kore ta ba.

Ya je wurin wata mai masana'anta da ya sani tun baje kolin Pazhou. Ta ce tutar roba tana nan, kwana uku an gama. Ta auduga kuwa, meyo, babu, sai an saƙa, mako uku. Nan Janar ya miƙe tsaye a ofishin matar.

"Tutarmu ba ledar burodi ba ce. Auduga zalla, ko a fasa."

Ta ce to, lawban, yadda suke ce wa kowane mai gida. Ya kuma sa a buga sunansa da lambar wayarsa a gefen kowace tuta, don tarihi ya san wanda ya tsaya wa ƙasa.

Yaƙin ya ƙare a kwana biyar.

Da tutocin suka fito, ya kira ƙanwarsa Jumai a New York ta shirya masu saye. Wayar tana kan tebur a buɗe, don Janar ba ya magana da Amurka a ɓoye. Duk muka ji ta ce, "Yaya, wane yaƙi?" Ya tuna mata. Ta ce ai an sauke tutoci tuni, yanzu maganar ƙwallo ake yi. Ihu bayan hari ke nan, kuma ihun ya cika sito guda.

Mai siton ya ce baje kolin kaka ya matso, yana son wurinsa kafin ƙarshen mako, in ba haka ba kaya su kwana a titi. Ka yi tunani: tutar ƙasar da ta je wata, a gefen kwata, ruwan Guangzhou yana dukanta. Janar ya rame. Kan fasfo ya koma cikin aljihu. Mu da muke tsokanarsa sai muka ji ba daɗi, don tuwon Hajiya ba ya sauka sosai in ba a yi mana lacca ba.

Sirajudeen ne ya kawo mai ceto, wani baƙo mai suna Fu'ad, mutum mara yawan magana, da ya ce yana neman tutar Amurka mai yawa. Muka raka su sito.

To, a wannan gari ba a sayen yadi da baki. Kowane ɗan kasuwa da laita a aljihunsa, ko ba ya shan taba. Ka ja zare ka kunna: in roba ce ta narke ta dunƙule tana wari, in auduga ce ta ci tas ta bar toka. Don haka da Fu'ad ya fito da laita, ba wanda ya ga wani abu. Janar ma karɓe ta ya yi.

"Kawo, ɗan'uwa, ni zan gwada maka. Ba zare ba, kusurwa guda."

Ya kunna. Wuta ta kama lafiya lau, ba ɗiga, ba baƙin hayaƙi. Fu'ad ya tambaya ko haka take ci ko da iska. Janar ya sa aka kunna fanka, ya ƙona wata kusurwar. Fu'ad ya yi murmushinsa na farko, ya ce duka yake so.

A ranar Janar ya yi mana jawabi mai tsawo a kan yadda duniya take ƙaunar Amurka a zuci, kunya ce kawai take hana ta faɗa.

Bayan wata biyu bidiyo ya fara yawo a wayoyinmu. Wani babban birni ne, dubban mutane a titi suna zanga-zangar la'antar abin da aka yi wa tsibirin nan, don su ba su da ƙwallon da za ta mantar da su. Kowane gungu da tutarsa, kowace tuta tana ci tas, ba ɗiga. Mai ɗaukar hoton ya matso kusa. Ga sunan Alhaji Ghali, ga lambar waya, ana karantawa sarai kafin wuta ta iso.

Kwana uku bai zo cin tuwo ba. Ran na huɗu ya shigo, wayarsa tana ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ashe masu zanga-zangar wasu ƙasashe sun kwafi lambar. Sun gaji da ta roba mai ɗiga musu a hannu. Gaba ta kai shi, gobarar Titi.

Hajiya Habsatou ta ajiye masa kwano ta ce, "Janar, ashe kai ne kake sayar wa abokan gaba makamai. Me za mu ce wa Washinton in sun tambaya?"

Ya wanke hannu a natse. Ya gyara fasfo yadda kansa zai leƙo. Ya dubi wayar, ya dube mu.

"Hajiya, abin da ba ku gane ba ke nan game da mu. Mu ƙasar 'yanci ce. Mai ɗagawa ya ɗaga, mai ƙonawa ya ƙona, ba ma hana kowa. Illa dai duk su biyun a wurina za su saya."